Yadda za ka gane bududdugi a kududdufai da fadamun Gombe da Bauchi

Idan ruwan farko mai nauyi ya sauka, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, duk wanda gidansa ke kusa da kududdufi a Gombe ko Bauchi ya san abin da dare zai zo da shi. Kuka ne ta ko'ina, wani mai kauri, wani siriri, wani mai karkarwa. Mu dai kwaɗi muke ce musu gaba ɗaya mu ja bargo. Alhali a bakin ruwa guda ana iya samun iri sun fi biyar, kowanne da muryarsa, da inda yake fakewa, da yadda yake zuba ƙwai. Wanda ya ce zai koye su duka a damina ɗaya zai rikice ya watsar da abin. Dabarar ita ce ka kama iri ɗaya ka san shi ciki da bai, sannan ka riƙa auna sauran da shi.

Wanda ya fi dacewa a fara da shi a wajenmu shi ne babban kwaɗon ruwan nan da ake kira bududdugi, wanda masana suka sa wa suna Hoplobatrachus occipitalis. Babba ne, yana da yawa, ana samunsa rani da damina, kuma yana da wata alama a ka wadda in ka gan ta sau ɗaya ba ka ƙara mantawa. Albert Günther, masanin dabbobi da ya yi aiki a gidan adana kayan tarihi na Landan, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1858. Sai dai a bakin mutane duk wani ƙaton kwaɗo mai ƙiba bududdugi ne, don haka sunan kaɗai ba ya raba gardama. Jikinsa za ka duba.

Inda yake zaune

Ƙasarsa tana da faɗi ƙwarai. Daga Senegal da Gambiya da Muritaniya a yamma, ya ratsa duk yankin ciyawa na Afirka ta Yamma har Habasha, ya gangara ta Yuganda da Tanzaniya zuwa Zambiya da Angola. Har cikin Sahara akwai 'yan tsirarunsa da suka maƙale a wuraren da ruwa ba ya ƙafewa, a Muritaniya da kudu maso yammacin Libiya, ragowar zamanin da hamadar take da dausayi. Danginsa na kusa duk suna Asiya, irin su Indiya da Sin. Shi kaɗai ne na gidansu a Afirka. Ba ya son kurmi mai duhu, amma inda aka sare kurmi aka yi gonaki da garuruwa, yakan bi ya shiga.

Jihohinmu biyu suna tsakiyar irin ƙasar da yake so. Ruwan shekara a kudancin Bauchi kan kai milimita 1,300, a can arewa wajen Katagum kuma ya sauko zuwa kimanin 700, duk cikin abin da yake jurewa ne. Abin da yake buƙata guda ne: ruwan da zai riƙe shi har rani ya wuce. Shi ya sa da rani za ka neme shi a gaɓar Gongola, daga Dindima zuwa Nafada har Dadin Kowa, da bakin madatsun Gubi da Waya da Balanga, da tafkin Maladumba kusa da Misau, da ramukan ruwan da kogin Jama'are ke bari in ya janye, da rijiyoyin lambu da magudanan 'yan noman rani. Damina na kankama sai ya bar waɗannan wurare ya bazu cikin dare, ya cika sababbin kududdufai, da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, da fadamun shinkafa, da ruwan da ke kwanciya a gefen titi. Wannan kai-da-kawowa ita ce sirrin nemansa. Wanda ya je gaɓar kogi cikin Agusta, lokacin da ruwa ya cika yana gudu, zai iya dawowa bai ga ko ɗaya ba, alhali suna nan jibge a ramin bulo bayan gidansa.

Mataki na farko: zaɓi wuri da rana, ka koma da dare

Je ka ga wurin ido na ganin ido. Ka lura da inda laka take da zurfi, da inda ciyawa ta yi duhu, da hanyar da za ka bi ka fita. Ka zaɓi ruwa mara gudu, mai gefe shimfiɗaɗɗe inda za ka iya tsayawa a tudu ka hango ko'ina. Idan gonar wani ce ko lambunsa, ka same shi ka gaya masa. In a ƙauye ne, mai unguwa da 'yan banga su san da zuwanka, domin a zamanin nan mutum da tocila a bakin fadama da tsakar dare ba ya rasa mai yi masa mummunar fahimta.

Dare mafi kyau shi ne wanda ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi, daga bayan Magariba zuwa wajen sha biyu. Yuni da Yuli sun fi, lokacin da kududdufai suke sababbi. Da rani kuwa, a bakin ruwan da ba ya ƙafewa, ko da hantsi kana iya ganinsu zaune a laka.

Mataki na biyu: shiri

Kayan ba su da yawa: tocila mai haske sosai, waya mai caji, ƙaramar rula, leda fara mai tsabta wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba, littafi da biro, da takalmin roba mai tsawo zuwa ƙwauri. Kada ka tafi kai kaɗai.

Maganar takalmi ba ta wasa ba ce. Inda kwaɗi suka taru, macizai ma nan suke zuwa cin abinci, kuma kudancin Gombe, wajen Kaltungo da Billiri da Balanga, sananne ne da kububuwa, har akwai asibitin masu saran maciji a Kaltungo saboda yawan abin. Haska inda za ka taka kafin ka haska ruwa. In tsautsayi ya faru, ba tsaga, ba ɗauri, ba tsotsa. A kwantar da gaɓar a nufi asibiti. Na biyu, tsargiya. Ƙananan katantanwa da ke ruwa mara gudu su ke ɗauke da tsutsarta, kuma ta fata take shiga, don haka ba a shiga kududdufi ƙafa tsirara. A Dadin Kowa da sauran sassan Gongola akwai dorina, kuma da dare take fitowa kiwo. Ka tambayi masunta inda take bi ka kauce. A Yankari akwai kada a kogin Gaji, kuma doka ba ta yarda ka yi yawo ba tare da ma'aikacin dajin ba.

Kada ka shafa mai, ko turare, ko maganin sauro a hannu in kana da niyyar taɓa kwaɗo. Ta fata yake shan ruwa, ta fata yake wani ɓangare na numfashinsa, abin da ke hannunka kai tsaye jikinsa yake shiga.

Mataki na uku: tsaya daga nesa tukuna

Yawancin masu farawa nan suke ɓata aikin, su doshi bakin ruwa da sauri komai ya watse. Ka tsaya kamar taku goma daga gefe, ka kashe tocila, ka ba kunnenka minti biyar.

Kukan bududdugi mai kauri ne, daga can cikin maƙogwaro, gajeren gurnani da ake jerawa, kuma daga cikin ruwa yake fitowa domin namijin yana shawagi ne yana yi. Na kwaɗon gida, mai ƙurajen nan da ke zama gindin randa, ya fi tsawo, yana da karkarwa, kuma yawanci daga gefen ruwa ake yinsa, da yawa a lokaci guda suna amsa wa juna. Ka ɗauki sautin a waya ko da na rabin minti ne.

Sai ka kunna tocila, ka riƙe ta kusa da goshinka, daidai da idonka, ka bi saman ruwa a hankali. Idon kwaɗo na maido da haske, kuma ba ka ganin wannan sai tocilar tana layi ɗaya da ganinka. Bududdugi kan kwanta cikin ruwa, ƙafafun baya a buɗe, ido da hanci kaɗai a waje. Idanunsa manya ne, sun ɗago, kuma a saman kai suke zaune, ba a gefe ba. Dabbar da ke rayuwa tana leƙen sama daga cikin ruwa ke nan.

Yanzu matsa kaɗan ka ga yadda zai gudu, domin gudun ma shaida ne. Sau da yawa bududdugi ba ya nutsewa nan take. Yakan bi saman ruwa yana dukansa da ƙafafun baya, fal-fal-fal, sau uku ko huɗu kafin ya nutse ya shige laka, kamar yadda yara ke jefa tsingaro ya riƙa tsalle a kan tafki. Duk babban kwaɗon da ka ga ya yi haka a yankinmu, kusan ka gama sanin ko wane ne. Kwaɗon gida ba ya iya wannan. 'Yan gajerun tsalle yake yi, ko ma ya tsaya yana kallonka.

Mataki na huɗu: dubi bayan idanu

Ga alamar da ta fi kowace. Haske mai ƙarfi kan sa kwaɗo ya daskare na ɗan lokaci, don haka ka ɗora hasken a kansa, ka taka a hankali ba tare da inuwarka ta faɗa masa ba. Dab da bayan idanu akwai wata tsaga a fata da ta ratsa kai daga wannan ido zuwa wancan. Sau da yawa launinta ya fi na sauran jiki haske, kore-kore ko rawaya-rawaya, ta fito sarai. A wasu, musamman waɗanda suka yi duhu ko laka ta ɓata, launin ba ya fitowa, amma tsagar tana nan. Ka karkata tocilar ta gefe, inuwa za ta nuna maka ita.

Daga nan ka bi gefen kai. Bayan ido akwai fatar kunne, zagayayya, babba, a fili, da wata tattarar fata da ta taso daga ido ta lanƙwasa ta samanta zuwa kafaɗa. Leɓen sama yana da ɗigo-ɗigo ko sanduna masu duhu. Abin da ba za ka gani ba shi ma muhimmi ne: babu wasu kumburarrun ƙulli biyu dogaye a bayan kai. Mai irin waɗannan ƙulli, kwaɗon gida ne.

Kada launin baya ya ruɗe ka. Akwai mai ruwan ƙasa, akwai mai toka-toka, akwai kore mai duhu da manyan tabbai, kuma kwaɗo ɗaya kan yi duhu ko ya yi haske gwargwadon wuri da zafi. A ganina launi shi ne shaida mafi rauni a duk harkar gane kwaɗi, amma shi mutane suka fi riƙewa. Girma ma haka: ɗan bududdugin da bai daɗe da barin jela ba bai fi kan babban yatsa ba, amma tsagarsa na nan a ka.

Mataki na biyar: in za ka kama

Ba dole ba ne. Hoto mai kyau na kai ya isa a mafi yawan lokuta. In kuwa kana son tabbatarwa, ka jiƙa hannu da ruwan wurin, ko ka sa hannu cikin ledar nan ka jiƙa ta, ka zo ta baya ka dafe shi da tafin hannu gaba ɗaya. Nan za ka gamu da shaida ta gaba: santsi. Fatarsa na fitar da yauƙi mai yawa, ga ƙarfin cinya, sai ka ji ya zame ya bar ka da laka. Riƙon da ke yi shi ne a ƙugu, inda cinyoyi suka haɗu da jiki, ƙafafun a miƙe cikin tafinka. Ba a matse ciki, ba a riƙe shi ta ƙafa ɗaya.

Duba abu huɗu da sauri. Bayan yana da 'yan gajerun layukan tudu-tudu a warwatse, ba layuka masu tafiya daga kai har ƙugu ba. Ƙafar baya, in ka buɗe yatsun a hankali, fatar iyo ta cika tsakaninsu har kusan ƙarshe. Yatsun hannu kuwa ba su da ita, kuma babu faifai a kan yatsu irin na kwaɗin da ke hawa ganye. Ciki fari ne, wani lokaci da tabbai masu duhu, musamman wajen maƙogwaro. Sai awo: daga ƙarshen hanci zuwa dubura, ban da ƙafafu. Namiji balagagge yakan kama daga santimita 7 zuwa 11, mace daga 11 zuwa 13 ko fiye, kuma babbar mace na iya haura giram 200. Wato ƙaton da ka gani ka ce wannan shi ne uban kududdufi, galibi uwa ce.

Namiji ana gane shi da tsaga biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya kowane gefe kusa da ƙarshen baki. Ta nan jakunkunan kuka biyu masu duhu ke bullowa in yana kira. Kwaɗon gida jaka ɗaya gare shi, a tsakiyar maƙogwaro. In ka yi sa'ar haska mai kuka, wannan kaɗai ya raba su.

Minti biyu ko uku sun isa. Ka mayar da shi daidai inda ka ɗauke shi, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa ido ko abinci.

Mataki na shida: waɗanda ake rikita shi da su

Kwaɗon gida, Sclerophrys regularis, shi ne wanda kowa ya sani, mai zama gindin randa da ƙarƙashin fitilar ƙofar gida yana lasar ƙwari. Fatarsa busasshiya ce mai ƙuraje, ƙafafunsa gajeru, fatar iyo kaɗan. Ƙullin nan biyu na bayan kai su ke fitar da wani farin ruwa mai guba in an matsa masa; shi ya sa karen da ya cafke shi kan saki yana dalalar da kumfa. Taɓa shi ba ya sa wa mutum ƙuraje kamar yadda ake faɗa, amma ruwan na da zafi in ya shiga ido. Yana da 'yan'uwa masu kama da shi ƙwarai, ciki har da wani na wurare masu ƙarancin ruwa da ke da jan tabo a bayan cinya. Raba waɗannan aikin wata rana ne.

Wanda ya fi jawo gardama shi ne ɗaya ƙaton, na gidan Pyxicephalus, domin shi ma bududdugi ake ce masa, shi ma ana cinsa. Amma rayuwarsu ta yi hannun riga. Wannan ba ya neman ruwa da rani; yana haƙa rami ya binne kansa, fatar da yake saɓewa ta zame masa rufi, ya kwanta watanni har ruwa ya sauka. Shi ne wanda masu haƙa a fadama kan tono. Jikinsa dunƙulalle ne, kai faffaɗa, ƙafafu gajeru, fatar iyo ba ta cika ba, kuma a dunduniyarsa akwai wani ƙulli mai kaifi da yake haƙa da shi. Ba shi da tsagar bayan idanu. Ƙananansa kore ne da farin layi a tsakiyar baya. A gidansu namiji ne ya fi girma. Kuma yana cizo: a muƙamuƙinsa na ƙasa akwai wasu tsinin ƙashi masu kama da haƙora da ke iya fasa yatsa. Ka duba kai da kyau kafin ka kai hannu.

Sai kwaɗin ciyawa na gidan Ptychadena, masu tsinin baki da dogayen ƙafafu, waɗanda ke tashi daga ƙarƙashin ƙafarka a gonar shinkafa su yi tsalle ɗaya su ɓace. Ba su cika wuce santimita 6 ba, kuma layukan bayansu dogaye ne a jere. Ƙaramin bududdugi ne ake rikitawa da su. Akwai kuma Amnirana galamensis mai farin leɓe da faffaɗan layi mai haske a kowane gefen baya, da Xenopus, shimfiɗaɗɗe mai ƙananan idanu da baƙaƙen farata a yatsu uku na ƙafar baya, wanda kusan ba ya barin ruwa. In ka ga wani ɗan madaidaici mai jan baya da baƙin gefe yana tafiya a hankali maimakon tsalle, Phrynomantis microps ne. Kallo ya ishe ka. Ruwan fatarsa na da zafi, musamman in akwai rauni a hannu.

Mataki na bakwai: ƙwai da talibambam

Wannan da safe ake yi, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, kuma shi ne ke tabbatar maka cewa wurin ba mafaka kawai ba ce, gidan haihuwa ne. In ka ga dogon zare mai yauƙi da baƙaƙen ƙwai a jere ya nannaɗe ciyawa, na kwaɗon gida ne, kuma talibambam ɗinsa ƙanana ne baƙi wuluk, suna cincirindo a gefe. Bududdugi ba ya yin zare. Ɗai-ɗai yake zubawa ko 'yan kaɗan-kaɗan, a ruwa mara zurfi, su manne a ƙasa, saman ƙwan duhu, ƙasansa haske. Sai ka durƙusa ka duba da kyau.

Talibambam ɗinsa mafarauci ne. Yana da ƙarfin baki, yana cin tsutsar sauro, yana cin 'ya'yan sauran kwaɗi, har da ƙannensa in ya samu. Wani bincike da aka buga a 1997, wanda aka yi a ramukan duwatsun gaɓar kogi a dajin Comoé na Kwaddibuwa, ya nuna iyayen kan kauce wa ramin da tuni akwai talibambam irin nasu, su kuma zaɓi wanda zai riƙe ruwa har 'ya'yan su girma. Shi ya sa sabon ruwan da ya kwanta jiya ya fi jan su a kan tsohon tafki mai tarwaɗa. Tsere ne da rana: in ramin ya ƙafe kafin su fitar da ƙafafu, shamuwa da balbela sun samu kalaci. Cikin 'yan makonni waɗanda suka tsira kan bar jela su fito tudu.

Mataki na takwas: rubuta abin da ka gani

Hoto uku ake so: ɗaya daga sama da ke nuna kai da baya, ɗaya daga gefe da ke nuna kunne da leɓe, ɗaya na ƙafar baya a buɗe. Ka ajiye rula ko biro a gefe domin a san girma. A littafi ka sa kwanan wata, da lokaci, da sunan wurin, da irin ruwan, ko mai ƙafewa ne ko mai kaiwa rani, da yaushe aka yi ruwan sama na ƙarshe, da adadin da ka ƙirga a tsayuwa ɗaya. Ranar da ba ka ga komai ba ma ka rubuta. Manhajar iNaturalist na karɓar hoto da sauti, masana daga ƙasashe daban-daban su duba su tabbatar ko su gyara maka. Ɗalibin sashen nazarin halittu a jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko ta jihar Gombe, ko ta tarayya da ke Kashere, zai iya gina aikin kammala karatu a kan irin wannan littafi in ya riƙe shi damina da rani.

Ƙirgan yana da amfani fiye da yadda ake zato. A jerin IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, bududdugi na cikin dabbobin da ba a fargabar ƙarewarsu, saboda faɗin ƙasarsa. Amma wannan hukunci ne na nahiya, ba na fadamar garinku ba. Shi ne kwaɗon da aka fi kamawa domin ci a Afirka ta Yamma; ana busarwa ko a ƙyafe a cika buhuna a yi kudu da shi. Wani bincike da aka buga a 2010 ya gano 'yan kasuwa 32 kacal a Najeriya na juya kimanin kwaɗi miliyan 2.7 a shekara, akasari daga Arewa da maƙwabta irin su Benin da Nijar. Batun cinsa malamai sun yi saɓani, akwai kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na hana kashe kwaɗo lokacin da wani mai magani ya nemi sa shi a haɗinsa. Wannan fage na malamai ne. Abin da mai lura zai iya gani da idonsa shi ne, masu kamun manya suke ɗiba, manyan kuwa mata ne masu ƙwai, kuma da rani ake samunsu cikin sauƙi lokacin da suka taru a ɗan ruwan da ya rage. Ƙara da maganin feshi da ake wanke tankinsa a bakin fadama, da kududdufan cikin gari da ake cikewa ana gini a kai.

Don haka ka zaɓi wuri biyu ka riƙe su: ɗaya mai ƙafewa, ɗaya mai kaiwa rani, kusa da juna in da hali. Ka riƙa leƙa na farko daga Yuni zuwa Satumba, na biyu daga Disamba zuwa Afrilu, ko da sau ɗaya a wata, kana tsayawa a wuri guda, a lokaci guda, kana ƙirga na tsawon minti goma. A watan Oktoba, in kududdufi ya fara ja da baya, ka bi hanyar da ke tsakaninsu da sassafe. A nan ake ganin ƙananan bana suna ƙaura, kuma in titi ya ratsa tsakani, waɗanda mota ta taka za su nuna maka ta inda suke tsallakawa.